Filin Tambaya da Amsa: Sassaƙa Allon Lantarki da Injin CNC na Gama-gari

Wasiƙun wannan fitowa sun karkata wuri guda: yadda za a fitar da allon lantarki, wato fanel ɗin da ake jera su rasisto da kafasito a kai, da injin CNC, wato injin sassaƙa da kwamfuta ke sarrafawa, wanda asali ba don wannan aiki aka ƙera shi ba. Mun zaɓi waɗanda amsarsu za ta amfani mutane da yawa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Sana'ata allunan talla da sassaƙar ƙofofi. Injina babba ne, irin 1325, sifindil ɗinsa, wato motar da ke juya bakin yanka, kilowat 3 mai sanyaya da ruwa. Yaran da ke gyaran inbata a layinmu suna ta damuna in riƙa yi musu fanel. Injin zai iya, ko kuwa sai na sayi ƙarami na musamman?
*Mai sassaƙa, Aboabo, Kumasi*

Amsa: Wa'alaikumus salam, Maigida. Zai iya, amma ƙarfinsa ba shi ne zai yi aikin ba. Allon da aka saba samu kaurinsa milimita 1.6 ne, jan ƙarfen da ke shimfiɗe a kansa kuwa 0.035 kacal, wato kusan kashi ɗaya cikin uku na kaurin takardar da ake buga wasiƙa a kai. Abin da ake so shi ne bakin yanka ya ratsa wannan ɗan jan ƙarfe ya tsaya, ya zagaye kowane layi ya raba shi da maƙwabcinsa. Kuskuren rabin milimita da ba wanda zai lura da shi a jikin ƙofa, a nan ya isa ya share layi ɗungum.

Don haka kafin ka karɓi aikin kowa, ka gwada abu uku. Na farko rawar baki. Ka sayi kolet, wato abin da ke riƙe sandar baki, na milimita 3.175 daidai da sifindil ɗinka (yawancin masu kilowat 3 kolet mai lamba ER20 suke ɗauka), ka wanke shi da ramin da yake zama tas, domin ƙurar katako ƙwaya guda tana karkatar da baki. Ka ɗaura sandar baki lafiyayye, ka ɗora agogon awo a jikinta, ka juya da hannu. In allurar ta yi yawo bai wuce 0.02 ba, madalla. In ta kai 0.05, duk tsagin da za ka yi zai ƙara faɗi da kimanin haka, kuma tsinin baki zai riƙa karyewa. Kada ka matse sandar 3.175 a kolet na 3 ko na 4 wai ai kusa ne.

Na biyu lako, wato ɗan sakin da injin ke yi idan ya juya baya. Manyan injina irin naka da haƙoran giya suke tafiya a tsaye da kwance, kuma haƙoran kan saki da tsufa. Ka sassaƙa da'ira mai faɗin milimita 20 a guntun akirilik ka auna ta ta kowace fuska. In ta fito kamar an matse ta gefe guda, sai ka ɗaure giyar kafin komai. Na uku shimfiɗar teburi, wadda za mu yi dogon bayani a kanta a amsa ta gaba.

Abu ɗaya da ya kamata ka sani tun yanzu: in da rimot ɗin hannu kake sarrafa injin, irin wanda ake soka wa filashi, yawancinsu ba su iya auna tudu da kwarin allo su gyara zurfi da kansu. Kai dogaronka yana kan daidaita teburi, sai ka tsaya kan ƙananan alluna, kamar santimita 10 da 7, layuka masu faɗi daga 0.6 zuwa sama. Ga fanel ɗin inbata da caja wannan ya wadatar.

Tambaya: Malam, ƙaramin inji gare ni, 3018. Kullum in na sa aiki, gefe ɗaya na allon sai baki ya nutse ya cinye layukan, ɗaya gefen kuma ko jan ƙarfen bai karce ba. Na canja baki, na canja allo, duk ɗaya. Ina matsalar take?
*Mai gyaran rediyo da amfilifaya, Nima, Accra*

Amsa: Ɗan'uwa, bakinka lafiyarsa ƙalau. Allonka ne ba a kwance yake ba, kuma babu allon da ke zuwa a miƙe sak. Zurfin da kake nema bai wuce 0.05 zuwa 0.08 ba, alhali allo ɗan santimita 10 yana iya lanƙwasa da 0.2 ko fiye. Ka ga ke nan lanƙwasar ta ninka zurfin yankan. Shi kuma baki mai siffar V, gwargwadon nutsewarsa gwargwadon faɗin tsaginsa, shi ya sa inda allon ya yi tudu layukan ke sirancewa har su katse.

Gyaran hawa biyu ne, kuma na biyun ba ya maye gurbin na farko.

Hawa na farko, ka ɗaure guntun katakon MDF ko akirilik a teburin injin da noti, sannan ka sa baki mai lebur, wanda injin zai iya ɗauka, ka share wani fili a samansa zurfin 0.3 zuwa 0.5, ɗan fi allonka girma. Wannan fili yanzu ya yi daidai da tafiyar injin, ko da teburin kansa a karkace yake. MDF yana shan laima ya kumbura, musamman da damina, saboda haka share shi ranar da za ka yi aiki; akirilik ya fi zama yadda aka bar shi. Kada ka danne allon da mamatsa ta gefuna, hakan ne ke sa tsakiyarsa ta taso. Ka goge kaifin gefunansa da samfefa, ka manna tef ɗin takarda a bayan allon, ka manna wani a kan filin da ka share ba tare da wani ya hau kan wani ba, ka ɗiɗɗiga sufa gulu tsakaninsu, ka danna da wani abu mai lebur na minti ɗaya. In an gama aiki wuƙa siririya za ta ɗaga shi, gam ɗin bai taɓa allon ba.

Hawa na biyu shi ne taswirar tudu da kwari. Injinka da GRBL yake aiki, wato manhajar da ke cikin allon sarrafa shi, kuma manhajojin Candle da bCNC duk suna yin wannan kyauta. Allon sarrafa injin yana da ƙafafu biyu na awo (a kan Arduino Uno ƙafar A5 ce da ta ƙasa). Waya ɗaya ka maƙala ta a jikin bakin yanka da ɗan kilif mai bakin kada, ɗayar ka like ta da dalma a kusurwar jan ƙarfen. Injin zai riƙa saukowa a hankali da umarnin G38.2, da zarar tsini ya taɓa jan ƙarfe wuta ta haɗu, ya rubuta tsayin wurin, ya ɗaga ya matsa gaba. Ka sa tazarar milimita 10 zuwa 15 tsakanin wuraren awo. Allo mai 100 da 70 zai ɗauki kamar 8 sau 6. Saurin saukowa kada ya wuce milimita 20 zuwa 30 a minti. Daga nan manhajar za ta riƙa ɗaga baki tana sauke shi yana bin lanƙwasar allon.

Ga inda mutane ke tuntuɓe. Kafin ka fara awo, ka taɓa kilif ɗin da jan ƙarfen da hannunka ka ga manhajar ta nuna ta ji. In wayar ta katse, injin zai ci gaba da saukowa har ya dasa tsinin cikin allo. Ka goge jan ƙarfen ya yi haske tukuna, don wanda ya dafe ba ya ba da wuta da wuri. Kilif a jikin bakin kansa ake sa shi, ba a jikin mota ba, saboda wutar awo ba ta ratsa boris da man da ke cikinsa yadda ya kamata. Sifilin zurfi kuma a wurin da taswirar ta fara za ka ɗauke shi. Sannan ka cire kilif kafin ka kunna sifindil. Kowa yana jin wannan ya yi dariya, sai ranar da waya ta nannaɗe a baki.

In taswirar ta nuna bambancin da ya haura 0.3 daga wannan kusurwa zuwa waccan, kada ka ce manhaja za ta gyara. Ɗaga allon ka sake mannawa.

Tambaya: Ina aikin kammala karatu ne, kuma allona yana da ayisi (IC) ATmega328P irin na mannawa a sama, mai ƙafa 32. Baki nawa zan saya, kuma wane adadi zan rubuta a FlatCAM, manhajar da ke mayar da zanen allo umarnin inji, wajen faɗin baki? Na ga ana sayar da masu digiri 10, 20, 30 da 60.
*Ɗaliba, KNUST, Kumasi*

Amsa: 'Yar'uwa, ki sayi mai digiri 30, tsini 0.1, guda biyar aƙalla, ki ƙara da mai tsini 0.2 don aikin da ba shi da matsi. Masu digiri 10 da 20 suna ba da siririn tsagi amma tsininsu ba ya jure injin da ke da rawa ko kaɗan. Mai digiri 60 yana da ƙwari, sai dai ƙaramin kuskuren zurfi yana zama babban kuskuren faɗi.

Lissafin ba wuya. Faɗin tsagi shi ne faɗin tsini, a tara da zurfi sau biyu sau tanjan na rabin kusurwar. Ga mai digiri 30, wannan yana nufin kowane 0.1 na zurfi yana ƙara 0.054 a faɗi. Ga mai digiri 60 yana ƙara 0.115. To in kin nutsa 0.07 da baki mai digiri 30 da tsini 0.1, a takarda tsagin 0.14 ne. A zahiri rawar sifindil za ta ƙara, kuma tsinin baki mai araha ba kasafai yake zama daidai da abin da aka rubuta a kwalinsa ba. Saboda haka ki yi gwaji a guntun allo: layuka biyar a jere masu faɗi 0.2, 0.3, 0.4, 0.5 da 0.6, ki duba da gilashin ƙara girma ki ga wanne ya fita lafiya. Yawanci 0.18 zuwa 0.2 ake ƙarewa da rubutawa a FlatCAM.

Tazarar ƙafafun wannan ayisi 0.8 ce daga tsakiya zuwa tsakiya, ratar da ke tsakanin mazaunansu kuwa ba ta wuce kimanin 0.25 zuwa 0.3 ba. Baki zai wuce, amma da ƙyar. Ki lura da wannan sosai: in faɗin da kika rubuta ya fi ratar girma, FlatCAM ba zai yi kuka ba, tsallake wurin kawai zai yi ya bar ƙafafu biyu a haɗe. Ki ƙara girman hoton ki bi tsakanin kowace ƙafa da ido kafin ki fitar da fayil. A KiCad kuma, manhajar zana allon, tun farko ki saita ƙa'idar rata a 0.25 ko fiye, layukan sigina 0.4, na wuta 0.8 zuwa 1. Rasisto da kafasito ki ɗauki girman 1206 ko 0805. Ayisi mai tazarar 0.5 kuwa, mu dai ba ma ba wa mai injin gama-gari shawarar ya ɓata lokacinsa a kai. A sayi wanda aka riga aka ɗora a ƙaramin allo.

Sauri: a juyi 10,000 a minti, tafiyar milimita 100 zuwa 150 a minti, a juyi 20,000 zuwa 24,000 ana iya kai 250 zuwa 300. Zagaye biyu, na biyun ya ɗan hau kan na farko da kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari, ya fi zagaye ɗaya mai zurfi, domin yana kwashe siraran zaren jan ƙarfe da ke maƙalewa a tsagi. In kin ga gefen layi ya yi gashi-gashi ya tashi, baki ya dakushe ko tafiyar ta yi wa juyin yawa.

Tambaya: Bakunan huda na 0.8 suna ta karye mini, wani ma tun ramin farko.
*Mai koyon aiki, Suame Magazine, Kumasi*

Amsa: Ƙanena, bakin kabayid yana da tauri amma ba ya lanƙwasa, gefe kaɗan ya ji ya ɓalle. Duba kolet da rawar sifindil tukuna. Sannan rage saurin nutsewa zuwa milimita 50 ko 60 a minti in juyinka 10,000 ne. Ka tabbata baki yana ɗagawa milimita 2 sama da allo kafin ya matsa gefe, kuma duk sanda ka canja baki ka sake ɗaukar sifilin zurfi, don tsawonsu ba ɗaya ba ne. Zurfin 1.9 ya isa ya ratsa allon 1.6. Girman ramuka: 0.8 ga rasisto da ayisi, 1.0 ga fil-fil na jona waya da dayod irin 1N4007, 1.3 ga mazaunin waya mai noti, 3.2 ga notin M3. Bakin ƙarfe na yau da kullum ba ya saurin karyewa, amma allon FR-4, wanda aka saba samu, yana dakusar da shi nan da nan saboda zaren gilashin da ke ciki.

Jerin aiki kuma kada ka sauya shi: tsagi, sai huda, sai yanke gefe a ƙarshe da baki mai haƙora na 1.5 ko 2, zurfin 0.6 sau uku, a bar ƴan gadoji huɗu da za su riƙe allon kada ya yi tsalle.

Tambaya: Dumsor, wato ɗauke wuta, ya kama ni aiki ya kai rabi. Da wuta ta dawo injin ya manta inda yake. Allon ya tafi ke nan?
*Daga Madina Zongo, Accra*

Amsa: In ba ka ɗaga allon daga teburi ba, akwai sauran dama. GRBL yana ajiye sifilin aiki na G54 a ƙwaƙwalwar da ba ta gogewa da ɗaukewar wuta, amma yana auna shi ne daga gidan injin, wato inda makunnan iyaka suke. In kana da su, ka kuma kunna $22=1, sai ka ba da $H injin ya koma gida, ka ɗaga baki sama, ka tura shi X0 Y0, ka sake ɗaukar zurfi, ka loda taswirar da ka ajiye, ka fara fayil ɗin daga farko. Bin tsohon tsagi ba ya ɓata komai muddin ya dace. Ka dubi tsinin da kyau, galibi yana gutsurewa lokacin da sifindil ya mutu a cikin allo.

In ba ka da makunnan iyaka, ka saya ka sa, uku ne kawai. Kafin nan, al'adarka ta zama huda ɗan rami 0.8 a daidai sifili kafin kowane aiki, don ka sami abin da za ka koma ka saita da ido. Ƙaramin inji irin 3018 ba ya cin wuta sosai, UPS na kwamfuta zai riƙe shi ya ba ka lokacin tsayar da aiki cikin tsari.

Tambaya: Ranka ya daɗe, yaya ake yin allo mai fuska biyu ramukan su dace?
*Malamin makarantar koyon sana'a, Asawase, Kumasi*

Amsa: Allah ya ƙara ilimi, Malam. Sirrin fil biyu ne. A FlatCAM akwai sashen allo mai fuska biyu: ka zaɓi layin da za a kifa allon a kansa, ka sa ramuka biyu a kan wannan layi, a wajen iyakar zanen. Ka huda su su ratsa allon su shiga katakon ƙasa kamar milimita 5. Sandunan karyayyun bakuna su ne fil mafi kyau, tunda duk 3.175 ne, sai ka huda da baki mai wannan girma su shiga dam ba lako. Ka sassaƙa fuskar farko, ka kifa allon a kan fil ɗin, ka sake taswirar tudu da kwari, domin ta farko ba ta da amfani yanzu, sannan ka sa fayil ɗin da aka juya. Sifilin tsaye da kwance kada a taɓa shi daga farko har ƙarshe.

Ka tuna ramukan nan ba su da rufin ƙarfe a ciki irin na masana'anta. Duk inda layi zai tsallaka daga sama zuwa ƙasa, sai ka zura guntun ƙafar rasisto ka like da dalma sama da ƙasa. Ka ba wa wurin mazauni mai faɗin milimita 2 da rami 0.8. Kada irin wannan mahaɗa ta faɗo ƙarƙashin ayisi na mannawa, ba zai zauna ba. Kayan da robarsu ke kwanciya a kan allo, kamar rile da mazaunin waya, bakin ayan ba ya isa ƙafarsu ta sama, don haka layinsu ta ƙasa zai zo. Ga ɗalibai masu farawa, allo mai fuska ɗaya da ƴan wayoyin tsallake uku ko huɗu ya fi saurin kai su ga abin da ke aiki.

Tambaya: Fanel nake so in yi na kunna famfon ruwa, rile zai riƙa yanke wutar gida. Akwai abin da zan kiyaye? Kuma ƙurar da ke tashi tana sa ni tari.
*Mai wayarin, Sabon Zongo, Accra*

Amsa: Malam, tambayarka ta biyu da ta farko duk na lafiyar jiki ne. Wutar gida a Ghana bolt 230 ce, ƙololuwarta tana kai kusan 325. Tsagin 0.2 da ya isa raba layukan bolt 5 ba kariya ba ne a nan: ƙura da laima su taru a ciki, wuta ta yi tsalle, allon ya ƙone ya zama gawayi mai ba da wuta. Dole ka kwashe jan ƙarfen gaba ɗaya a kewayen layukan wutar gida da baki mai lebur na 0.8 ko 1. FlatCAM yana da sashen share jan ƙarfen da ba a buƙata. Ka bar aƙalla milimita 3 tsakanin layin wuta da na dawowa, da 6 zuwa 8 tsakanin ɓangaren wutar gida da ɓangaren da hannu ke taɓawa. Inda wuri ya ƙure, kamar ƙarƙashin rile, ka tsaga allon ya huje fit. Kada ka bar tsibiran jan ƙarfe marasa haɗi a cikin wannan rata, suna rage ta.

Faɗin layi kuma: a jan ƙarfe 0.035, layin milimita 1 yana ɗaukar kimanin amfiya 2 da ɗan ɗumi, amfiya 10 kuwa tana son 7 zuwa 8. Motar famfo tana jan ninkin wutarta lokacin tashi, saboda haka ya fi kyau ƙaramin rilen da ke kan allo ya kunna kontakta, wato babban rile, ita ta ɗauki nauyin famfon. Ka sa fis a mashiga, ka rufe allon cikin akwatin roba.

Ƙurar FR-4 garin gilashi ce da gam. Kada ka hure ta da baki ko da iskar kwamfuresa. Ka riƙe bakin injin zuƙe ƙura kusa da wurin yanka, ka sa takunkumi mai tace ƙura irin N95, ko ka shafa ɗan mai mara kauri a kan allon bayan ka gama awon taswira, ƙurar ta zama laka ta zauna. Tana cin sandunan injin da boris ɗinsu ma, sai a goge a sake sa mai bayan kowane aiki. In ka shiga Zongo Lane, inda ake sayar da kayan lantarki a Accra, ka tarar da allo mai ruwan ƙasa irin na takarda da gam, FR-1 ko FR-2, ya fi sauƙin yanka kuma baki ya fi daɗewa a kansa, amma ya fi shan laima, don haka ga aikin famfo FR-4 za ka ɗauka.

Bayan an cire allo, ka goge shi da samfefa mai lamba 600 ko 800 da ɗan ruwa, ka bi tsagogin da tsohon buroshin haƙori, ka busar. Ka sa mita a kan ƙara ka gwada kowane layi da maƙwabcinsa kafin ka ɗora ko rasisto ɗaya. Jan ƙarfe tsirara yana dafewa cikin ƴan kwanaki a iskar bakin teku irin ta Accra, to ka narka ƙaron dalma a sifirit ka shafa masa siriri nan take. In an gama like kaya aka gwada, sai a wanke ɓangaren wutar gida a fesa masa banish na allon lantarki.